Fikira Ko Zubi: Tambayoyi Da Amsoshi A Kan Abin Da Haƙƙin Mallaka Yake Karewa

Waɗannan tambayoyi na tara su ne daga bakin mutanen da nake zama da su a nan Zariya: marubuta, ɗaliban Samaru da na Kongo, mawaƙa, masu ɗinki na cikin birni, da samarin da ke haɗa gajerun finafinai da waya. Kusan kowa da kuka ɗaya yake zuwa: "Malam, an sace mini fikira." Amsoshin sun dogara ne da dokar Nijeriya. Wanda maganarsa ta doshi kotu, ya kai wa lauya takardunsa ya duba, domin kowace shari'a da bayananta.

1. Mene ne haƙƙin mallaka, kuma wane irin aiki yake karewa?

Iko ne da doka ta ba wanda ya ƙirƙiri aiki, cewa shi kaɗai ne zai buga shi, ya kwafe shi, ya fassara shi, ya mayar da shi fim, ya sa shi a intanet, ko ya ba wani izinin yin haka. Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Ta lissafa ayyuka iri shida: rubutu, kiɗa, zane da hoto, fim, sautin da aka naɗa, da shirye-shiryen da gidajen rediyo da talbijin suka watsa. Rubutu a nan yana da faɗi, ya haɗa da labari, waƙa, wasan kwaikwayo, lacca, huɗuba, har da manhajar kwamfuta.

Ga rubutu da kiɗa da zane akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, ka yi ƙoƙarin da ya sa aikin ya zama naka, ba kwafowa ka yi ba. Na biyu, aikin ya zauna a cikin wani abu da za a iya gani ko ji: takarda, waya, faifai, ƙyalle. Doka ba ta auna daɗi ko kyau. Labarin da ɗan aji uku ya rubuta a littafin makaranta yana da kariya irin ta littafin farfesa.

2. Da gaske ne doka ba ta kare fikira?

Da gaske ne, kuma ba a ɓoye yake ba. Sashe na 3 na dokar 2022 ya fitar da fikira, da hanyar yin abu, da tsari, da dabarar aiki, da ƙa'ida, da abin da aka gano, da tsagwaron bayanai daga cikin abin da ake mallaka. Ba Nijeriya kaɗai ba. Yarjejeniyar TRIPS ta 1994, wadda ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suke bi, ta faɗi haka a sashenta na 9, yarjejeniyar 1996 ta WIPO, wato hukumar kare mallakar fasaha ta duniya, ma ta maimaita.

Ɗauki Sarauniya Amina. Idan ka yi tunanin rubuta labari a kan yarintarta, da yadda ta koyi yaƙi, da ganuwar da ake jingina mata, wannan tunani ba naka ba ne kai kaɗai ko da kai ka fara faɗarsa a majalisa. Mutum goma za su iya rubutawa, kowanne ya mallaki nasa. Abin da yake naka shi ne jimlolin da ka ƙera, da hirar da ka sa a bakinta, da aukuwar da ka ƙaga wadda ba ta cikin tarihi, da yadda ka jera su. Wannan shi nake kira zubi a duk amsoshin nan.

3. Wannan ba zalunci ba ne? Ai fikirar ita ce mai wuya.

Na san zafin. Mutum ya kwana yana juya abu a ransa, ya faɗa wa aboki, bayan wata shida ya gan shi a hannun wani. Amma a dubi ɗaya gefen. Da doka ta ba mutum ɗaya mallakar "labarin auren dole", da wanda ya fara rubuta shi ya rufe wa kowa ƙofa tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan mutuwarsa. Da an mallaka wa wani "waƙar yabon uwa", da sauran mawaƙa sai sun biya shi kafin su yabi iyayensu. Ba adabin da zai rayu a haka.

Garin nan shaida ne. A Zariya Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, kuma sanannen abu ne cewa ya ɗebo labarai da yawa daga Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Turai, tsofaffin labarai da suka daɗe suna yawo a duniya. Duk da haka ba wanda zai karanta shafi ɗaya ya ce ba na Imam ba ne. Ya sa musu rigar Hausa, ya ba su sarakuna da fadawa da bakin da mutanenmu ke magana da shi. Ƙashin labarin na kowa ne, Hausar tasa ce, kuma ita doka take karewa. Haka gini: babu wanda ya hana magina koyon dabarar ɗaurin guga da bakan gizo bayan Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, shi ya sa sana'ar ta yaɗu.

Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita a kan wannan ta Amurka ce, Baker da Selden, ta 1879. Selden ya rubuta littafi yana bayanin wata sabuwar hanyar ajiye lissafin kasuwanci. Baker ya fitar da nasa mai amfani da kusan wannan hanya, da ɗan bambancin jeri. Kotun Ƙoli ta ce bayanin da Selden ya rubuta nasa ne, amma hanyar lissafin, da zarar ya koyar da ita a littafi, ta zama ta duk wanda ya koya. Ke nan idan ka wallafa littafi kan yadda ɗan kasuwar Sabon Gari zai riƙa rubuta bashi da riba, za ka iya hana a kwafi littafin, ba za ka iya hana a yi aiki da abin da ya koyar ba. A ganina wannan daidai ne, domin don a koya ka rubuta.

4. To ina fikira ta ƙare, ina zubi ya fara?

Nan ne wuyar take, kuma a nan lauyoyi suke cin abinci. Alƙali Learned Hand na Amurka ya duba wata ƙara a 1930, tsakanin marubuciyar wasan kwaikwayo da kamfanin fim. Wasan da fim ɗin duk a kan gida biyu ne, na Bayahude da na ɗan Ayalan, da 'ya'yansu suka yi aure iyaye maza ba sa so. Ya yanke cewa ba a keta haƙƙi ba, ya kuma ce wannan iyaka ba wanda ya taɓa iya shata ta, ba kuma wanda zai iya. Abin da ya bayar shi ne hanyar dubawa, mai kama da hawa tsani: kana cire bayanai daga labari yana ƙara zama na kowa, kana ƙara bayanai yana ƙara zama na mutum ɗaya.

A gwada da labarinmu. "Budurwa tana son talaka, iyaye suna son attajiri": jigo ne, na kowa. A ƙara kishiya mai zuwa wurin boka, da gwaggo mai zuga, da ƙawa mai cin amana: har yanzu na kowa ne, domin duk wanda ya taɓa wannan jigo zai ci karo da su. Amma a ce yarinyar 'yar mai ɗinkin hula ce a Ƙofar Gayan, tana ɓoye wasiƙa a naɗin hular da ƙanenta ke kai wa wani kwandasta a Kwangila, ranar sa rana attajirin ya sayi hular bisa kuskure, ya karanta wasiƙar, ya fasa auren da kansa ba tare da ya faɗi dalili ba. Idan wani littafi ya zo da waɗannan aukuwa a wannan jeri, ko da ya mayar da hular ɗankwali, ya kai labarin Gusau, ya taɓa zubi.

Kotun Ƙolin Indiya ta ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa a 1978, a ƙarar da marubucin wasan kwaikwayo R. G. Anand ya kai wani kamfanin fim: idan mai kallo ya ga ayyukan biyu, ya fita da yaƙinin cewa na biyun kwafin na farko ne, an keta haƙƙi. Idan jigon kawai suka haɗa, kowa ya bi hanyarsa, ba a keta ba. Anand bai yi nasara ba. Hukuncin waɗannan kotuna ba ya ɗaure alƙalin Nijeriya, amma ana kawo su a matsayin hujja mai ƙarfafawa.

5. Na ba wani furodusa labarina da baki, ya je ya yi fim. Ina da haƙƙi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata mini rai, don amsarta ba ta da daɗi. Na taɓa zama da wata baiwar Allah da ta kwashe labarinta kaf ta faɗa wa wani mai shirya fim a zaure, gaban yayanta, ya ce zai neme ta. Bai neme ta ba, fim ya fito. Da na tambaye ta ko ta rubuta wani abu, ta ce, "Wallahi Malam, duk a kaina yake." Sharaɗi na biyu da na ambata a amsa ta 1 shi ya kayar da ita: labarin bai zauna a ko'ina ba. Magana zarar bunu ce.

An yi irin wannan a Ingila a 1938. Wani shahararren mahayin dawakin sukuwa, Steve Donoghue, ya ba ɗan jarida labarin rayuwarsa, ɗan jaridar ya rubuta. Da rigima ta tashi, kotu ta ce haƙƙin yana bin wanda ya zuba labarin a kalmomi, ba wanda ya ba da shi ba. Akwai wata ƙofa dabam, ta cin amanar sirri: idan ka ba da fikira cikakkiya a kan sharaɗin sirri ne, wanda ya karɓa ya san haka, ya yi amfani da ita, ana iya ƙararsa. Sai dai tabbatar da wannan ba takarda aiki ne ja.

Saboda haka, kafin ki je wurin kowa, rubuta labarin, ko da shafi biyar ne, da sunayen taurari da jerin aukuwa daga farko zuwa ƙarshe. Idan rubutu yana miki wuya, naɗi muryarki a waya, shi ma ajiya ne. Ki tura wa kanki ta imel don kwanan wata ya zauna. In za ki miƙa, a rubuta 'yar takarda cewa an karɓa don dubawa ne kawai, ba za a yi aiki da shi ba sai da yardarki, ku sa hannu da shaidu. Kada kunya ta hana ki neman wannan wai don mutumin babba ne ko abokin Yaya ne. In kuma sayarwa za ki yi, doka ta ce sayar da haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce.

6. Idan na canza kalmomi, ko na fassara daga wani harshe, na tsira?

A'a. Zubi bai tsaya ga kalmomi ba, ya haɗa da jeri da ginin labari, kamar yadda na nuna a amsa ta 4. Fassara kuwa tana cikin abubuwan da doka ta keɓe wa mai aiki, haka mayar da littafi fim ko wasan rediyo. Wanda ya fassara da izini yana da haƙƙi a kan fassararsa, mai asali yana nan da nasa.

Wannan ya shafi aikin waje. Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne, wadda ƙasashe ke kare wa juna haƙƙin mallaka da ita, a 1993, Indiya da Masar da Turkiyya duk suna ciki, ke nan aikinsu yana da kariya a nan kamar namu. Ka kalli fim ɗin Indiya ka ce "ni ma zan yi labarin tagwayen da aka raba tun suna jarirai", ba laifi. Ka bi shi fitowa bayan fitowa kana sauya sunaye, ka yi kwafi. Maganar da ke yawo cewa in ka canza kashi kaza cikin ɗari ka kuɓuta ba ta cikin doka. Ana duba muhimmancin abin da aka ɗauka ne, ba yawansa kaɗai ba. Baiti biyu suna iya zama zuciyar waƙa.

7. Mun rubuta abu kusan iri ɗaya, ba mu san juna ba. Wa ke da gaskiya?

Ku biyun. Haƙƙin mallaka kwafi yake hanawa, ba kama ba, kuma kama da wane ba ta wane. Mai ƙara sai ya nuna cewa ɗayan ya sami hanyar ganin aikinsa, sannan kamar ta wuce ta jigo. Mutum biyu su tsaya wuri ɗaya su ɗauki hoton dutsen Kufena, kowa da hotonsa.

8. Sunan littafi fa, da karin magana, da salo?

Suna gajere ne, galibi bai kai a kira shi aiki ba, shi ya sa ake samun littattafai masu suna ɗaya. Idan sunan na kasuwanci ne, kamar na mujalla ko na shago, wurinsa rajistar tambarin kasuwanci a ma'aikatar ciniki ta tarayya. In wani ya yi amfani da suna don mutane su zaci aikinka ne suke saye, ana ƙararsa da yaudarar masu saye, ba da keta haƙƙin mallaka ba. Karin magana na Hausawa ne gaba ɗaya. Salo ma haka: kana iya rubutu da gajerun jimloli, ko ka buɗe kowane babi da wasiƙa, ko da wani ya riga ka.

9. Ni mawaƙi ne. Kari da amshi da rauji, wanne ne nawa?

Ma'aunin waƙa tsari ne, ba mallakar mutum ɗaya ba. Karuruwan aruli da Khalilu ɗan Ahmadu ya tsara tun ƙarni na 8, irin su Basiɗ da Kamil da Ramal, da amsa-amon "na" ko "wa", da zubin ƙwar biyu ko ƙwar biyar, duk mai so ya ɗauka. Jigo ma haka, yabo ne ko wa'azi ko bege ko siyasa. Abin da ka mallaka shi ne baitocinka, da amshin da ka ƙaga, da raujinka, wato hawa da saukar muryar da in an busa ta ko ba kalma za a ce waƙar wane ce. Wanda ya ɗora sababbin kalmomi a kan raujin wani ya ɗauki zubi, ko da ya mayar da waƙar soyayya ta zama ta yabon ɗan takara. Wannan ya yi yawa a wurinmu, kuma yawansa bai halatta shi ba.

Tahmisi yana da nasa hukunci, domin mai tahmisi yana kawo baitocin mai asali sukutum ya ƙara nasa layuka uku a kai. In waƙar ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, wanda ya rasu a 1817, hanya a buɗe take. In ta mawaƙin da ke raye ce, ko wanda bai cika shekara 70 da rasuwa ba, sai da izininsa ko na magada (duba amsa ta 14). Makaɗin da ke ƙirƙira nan take a gidan biki kuwa, ya yi ƙoƙari a naɗa masa, don waƙar ta zauna. Kuma doka ta ba shi haƙƙin mai wasa: ba a naɗar wasansa a sayar ko a watsa ba da yardarsa ba.

10. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ko aska takwas a babbar riga, wa ya mallake su?

Ba mutum ɗaya ba. Dokar Nijeriya ta ware wa kayan gargajiya babi nasu: tatsuniya, kacici-kacici, waƙoƙi da raye-rayen gargajiya, zane, sassaƙa, saƙa da ɗinki. Amfani da su yadda aka gada ba ya bukatar izinin kowa. Baba mai ɗinki a cikin birni zai ci gaba da fitar da aska biyu da aska takwas da tambari kamar yadda ya koya a wurin mahaifinsa, kaka ta ci gaba da "ga ta nan ga ta nanku". Inda doka ta sa hannu shi ne kwasar su a yi kasuwanci da su a wajen muhallinsu na al'ada, nan izini yana hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya.

Marubucin da ya ari Gizo ya gina sabon labari ya mallaki abin da ya ƙara, bai mallaki Gizo ba. Haka mai ɗinkin da ya zana sabon fure nasa na kansa a takarda. Shawarata gare shi ya ajiye takardar da kwanan wata, in kuma zanen na fitarwa da yawa ne a kasuwa, ya nemi rajistar zanen masana'antu, wadda na taɓo a amsa ta 12.

11. Ni ɗalibi ne ina rubuta kundin digiri. Tunda fikira ba ta da mai ita, zan iya ɗauka ban ambaci mai ita ba?

Kada ka kuskura. Abu biyu ne mabambanta da muke kira da suna ɗaya, satar fasaha. Kotu tana duba kwafin zubi. Jami'a tana duba gaskiya: wa ya fara faɗin wannan? Ka ɗauki ra'ayin wani masani ka zuba a kalmominka ba ka ambace shi ba, ba ka keta dokar haƙƙin mallaka ba, amma ka yi laifin da zai iya cinye maka digiri. A ɗaya gefen, ka kwafe babi guda ka rubuta sunan mai shi a ƙasa, ambaton bai wanke ka a gaban doka ba.

Alƙaluma da bayanan gaskiya ba su da mai su. Yawan ruwan saman da aka auna a Samaru a wata shekara, ko cewa an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ko cewa Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, kowa ya ɗauka. Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 1991 sunaye da lambobin da ke cikin kundin wayar tarho ba a mallakarsu, duk da wahalar tara su. Abin da ake karewa shi ne sharhin da aka yi musu da tsarin da aka zaɓa aka jera su. Matanin dokokin ƙasa ma sashe na 3 ya fitar da su, kana iya buga dokar 2022 ɗin kanta ka raba.

Doka ta bar ƙofar amfani na adalci: nazarin kai, bincike wanda ba na kasuwanci ba, sharhi, da ba da labarin abin da ke faruwa. Ana duba manufar amfanin, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗiba, da illarsa ga kasuwar mai shi. Fotokwafin shafuka kaɗan don karatunka yana cikin wannan. Buga littafi sukutum a ɗaure a jera a shago ana sayarwa ba ya ciki, kuma shi ne yake kashe wa malamanmu gwiwar rubutu.

12. Girkina, ko injin da na ƙera, ko manhajar da na yi tunani fa?

Girki hanyar yin abu ne. In kin rubuta littafin girke-girke, bayaninki da hotunanki naki ne, amma duk wadda ta karanta tana iya dafa miyar ta sayar. Mai kilishin da ba ya son a san haɗin yajinsa, kariyarsa ita ce ya riƙe sirrinsa. Manhaja kuma, rubutun da aka gina ta da shi ana kare shi kamar littafi, amma tunanin "manhajar kiran Keke Napep daga PZ zuwa Samaru" na duk wanda ya iya ginawa ne. Tsarin shirin rediyo, a ce gasar kacici-kacici da ake buga waya, shi ma yana cikin abin da sashe na 3 ya fitar.

Injin sussukar masara ko sabuwar hanyar jima suna da tasu doka, ta ƙirƙire-ƙirƙire da zanen masana'antu ta 1970. Ita kam tana kare dabarar kanta, tsawon shekara 20, amma sai an yi rajista, kuma sai abin ya zama sabo. Wanda ya fara baje kolinsa a Facebook kafin ya shigar da takarda yana iya zubar da damarsa da hannunsa. Sababbin irin shuka ma an yi musu doka a 2021.

13. Malam, hana kwafar littafi ba ɓoye ilimi ba ne a Musulunci?

Hadisin da ake nufi sananne ne, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi: wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye, za a sa masa linzamin wuta ranar ƙiyama. Amma rabuwar fikira da zubi ita kanta amsa ce. Malamin da ya wallafa littafi bai ɓoye komai ba, ya baje ne. Hukuncin da ya bayyana, kowa ya koya, ya karantar a zaure, ya yi wa'azi da shi, ya rubuta nasa littafin. Abin da aka hana shi ne wani ya ɗauki wahalarsa ya buga ya ci kuɗin, ko ya goge sunansa ya sa nasa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, ba ya halatta a keta shi. Malamanmu na da ma ba su wasa da jingina magana ga mai ita, shi ya sa littattafansu suke cike da "wane ya ce". Malamin da ya ga dama ya yi waƙafin littafinsa kowa ya buga, wannan alherinsa ne, kuma ya kyautu ya rubuta haka a bangon.

14. Sai na yi rajista? Kuma kariyar har yaushe take?

Ba sai ka yi ba. Haƙƙi yana tabbata ne daga lokacin da aikin ya zauna a takarda ko a waya. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, mai hedikwata a Abuja, tana karɓar rajista ta intanet ga wanda ya so, kuma takardarta tana da amfani a matsayin shaida ranar jayayya. A lura dai: rajistar labari mai shafi ɗaya ba ta mayar da jigonsa naka (duba amsa ta 2).

Rubutu da kiɗa da zane suna da kariya tsawon ran mai su da shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Abubakar Imam ya rasu a 1981, ke nan rubutunsa yana da kariya har ƙarshen 2051. Fim da hoto da sautin da aka naɗa shekara 50 ne daga fitowarsu, shirin da aka watsa shi ma 50.

15. Na tabbata zubina aka kwafa, ba fikira kawai ba. Me zan yi?

Fara da tara shaida kafin ka yi magana: kwafin aikin wanda kake zargi, hoton shafin da ya sa shi da kwanan wata, da tsofaffin rubuce-rubucenka na farko. Sai ka ɗauki takarda ka raba ta biyu, naka a dama nasa a hagu, ka jera wuraren da suka yi daidai. Ka cire duk abin da yake jigo ne ko abin da kowa ke yi, bisa amsa ta 4. Abin da ya rage shi ne ƙararka. Mutane da yawa a nan suke gane cewa abin da ya rage bai kai ba, wasu kuma a nan suke ganin ya fi yadda suka zata.

Daga nan a rubuta masa takarda, a nemi ya daina, ko ya biya, ko ya sa sunanka, domin doka ta ba ka haƙƙin a ambace ka a kan aikinka ko da ka sayar da shi. Sau da yawa dattawan sana'a suna iya sasantawa, kuma in an sasanta a rubuta. In a intanet abin yake, dokar 2022 ta ba ka damar aika wa masu shafin takardar neman a sauke shi. Kana iya kai kuka ga Hukumar, musamman in bugu ake yi ana sayarwa, don wannan laifi ne da ake gurfanarwa a kansa. Ƙarar neman diyya kuwa ba ta zuwa kotun majistare ko kotun shari'a ta unguwa. Tsarin mulkin 1999 ya keɓe ta ga Babbar Kotun Tarayya, mafi kusa da mu tana Kaduna, kuma tana da ikon hana ci gaba da sayarwa, da sa a biya ka diyya, ko a miƙa maka ribar da aka ci da aikinka.